Gajeriyar Mace a Filin Ƙatti

Mu a nan Jibiya ƙwallon ƙafa muka sani. Amma akwai waɗansu wasanni biyu da ake yi da ƙwallo mai siffar ƙwai. Rungumarta ake yi a sheƙa da gudu, abokan karawa kuwa su ka da mutum kamar a kokawa. Ɗaya shi ne ragbi, asalinsa Ingila. Ɗayan ƙwallon Amurka, wanda ake yi da hular kwano.

Jen Welter ta yi su duka biyu. An haife ta a 1977, tsawonta kuwa ƙafa 5 da inci 2 ne kaɗai. Ta fara ragbi tana ɗaliba a Boston College, daga baya ta koma ƙwallon Amurka. Ita da 'yan ƙasarta suka ci gasar duniya ta mata a 2010 da 2013. A 2014 ta shiga ƙungiyar maza ta Texas Revolution, ƙatti suna maka ta da ƙasa tana tashi. A 2015 Arizona Cardinals suka ɗauke ta horar da 'yan wasa, mace ta fari a babbar gasar NFL. Ba ta kuwa yar da karatu ba, har ta sami digirin dakta.

Iyaye, 'yarmu da ke tsere wa yara maza a filin makaranta, kada mu yi saurin ɗora mata farantin talla. Mu bar ta ta yi gudu, ta kuma yi karatu.