Maginan shafukan intanet: Abin da masu ɗaukar aiki ke nema da rabon matasan Kano ta Kudu

Tun daga lokacin da aka yi fama da ƙarancin takardun kuɗi a farkon shekarar 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin Naira, ciniki ya sake kama a kasuwannin ƙasar nan. Dillalin hatsi a Kwanar Dangora da ke Ƙaramar Hukumar Kiru, da mai sarin masara daga Tudun Wada ko Doguwa, da mai kifi a bakin madatsar ruwa ta Tiga a Bebeji, duk sun saba da karɓar kuɗi ta waya ko ta na'urar POS. Ma'aikacin gwamnati kuwa ya riga su shiga wannan hali, domin tun 2015 kuɗin da ake biyan Gwamnatin Tarayya ke bi ta manhajar Remita zuwa asusun bai-ɗaya, kuma a shekarar ce hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta.

Bayan kowane shafi da ake cike takarda ko biyan kuɗi a kansa akwai mutumin da ya zauna ya tsara shi, yake kuma kula da shi. Shi ne maginin shafin intanet. Sana'arsa ta samo asali ne daga 1989, lokacin da Baturen Ingila Tim Berners-Lee ya gabatar da tsarin shafukan intanet a cibiyar bincike ta CERN da ke ƙasar Suwizalan, aka kuma buɗe wa jama'a shafi na farko a 1991.

Daga ina buƙatar take tasowa?

Wani rahoto da kamfanin Google ya fitar kan shekarar 2021 ya ƙiyasta cewa ƙwararrun masu gina manhaja a faɗin Afirka sun kai 716,000, kuma kashi 38 cikin 100 na waɗanda aka tambaya suna yi wa aƙalla kamfani ɗaya na wajen nahiyar aiki. Ma'anar wannan ita ce, ƙwararre na iya zama a Kano yana karɓar albashi daga Turai ko Amurka, abin da ya sa kamfanonin cikin gida ke shan wahala kafin su riƙe gwanayensu.

A cikin gida, bankuna da kamfanonin hada-hadar kuɗi ta intanet ne kan gaba wajen ɗaukar irin waɗannan ma'aikata. Sayen da kamfanin Stripe na Amurka ya yi wa Paystack na Legas a watan Oktoban 2020, kan kuɗin da aka ruwaito ya haura Dala miliyan 200, ya nuna wa masu zuba jari cewa akwai riba a fannin. Bayan su akwai makarantu masu son iyaye su duba sakamakon 'ya'yansu ta waya, da asibitoci, da gidajen jarida, da ƙungiyoyin agaji, da hukumomin gwamnati.

Sai kuma kasuwar da har yanzu ba a taɓa ta sosai ba, wato ta 'yan kasuwa matsakaita. Mai shago a Kantin Kwari ko Singa, da mai fitar da riɗi daga Dawanau, yawancinsu da WhatsApp da Facebook suke tallata haja. Hakan na wadatarwa muddin abokin ciniki ya san mutum. Amma kamfanin ƙasar waje da ke neman wanda zai kawo masa kaya da yawa yakan fara ne da binciken sunan mai kayan a intanet, ya ga ko yana da shafi da adireshi da shaidar rajista. Wanda ba a same shi ba, sau da yawa ba a ma kiransa.

Ilimin da ake tambaya

Aikin ya kasu gida biyu. Akwai mai gina fuskar shafi, wato abin da mai ziyara ke gani yana latsawa. Tubalinsa uku ne: HTML mai shimfiɗa ƙashin shafin, da CSS mai yi masa ado da tsari, da JavaScript mai sa shi motsi da amsa umarni. Kamfanoni da yawa na ƙara neman wanda ya iya React, wani kayan aiki da kamfanin Facebook ya ƙirƙiro a kan JavaScript.

Akwai kuma mai aikin bayan fage, wanda ke kula da rumbun bayanai da lissafi da tantance masu shiga. Shi yakan yi aiki da harsunan kwamfuta irin su PHP da Python, kuma dole ya san SQL, harshen da ake tambayar rumbun bayanai da shi. Wanda ya haɗa ɓangarorin biyu ya fi farin jini a wurin ƙananan kamfanoni, domin ba su da ƙarfin biyan mutum biyu.

Ga mai son fara cin abinci da wuri, manhajar WordPress ƙofa ce mai sauƙi, kasancewar sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kanta aka gina su. Da ita ake yi wa makaranta ko shago shafi cikin 'yan kwanaki. Sai dai sauƙin nata ya sa masu yi sun yi yawa, farashin aikin kuma ya faɗi.

Yanayin Najeriya ya ƙara wasu sharuɗɗa. Mafi yawan jama'a da waya suke shiga intanet, kuma suna lissafin data kamar yadda suke lissafin kuɗin cefane. Shafin da ya yi nauyi da manyan hotuna ba zai buɗe ba a ƙauyen da sabis ke da rauni. Dole kuma magini ya iya haɗa shafi da hanyoyin biyan kuɗi irin su Paystack da Flutterwave da Remita. Sannan tun da aka sa hannu kan Dokar Kare Bayanan Jama'a a watan Yunin 2023, duk mai tattara sunaye da lambobin waya da bayanan asusun mutane yana da alhakin tsare su a gaban doka. Maginin da bai san yadda ake toshe ƙofofin masu kutse ba zai iya jawo wa uban gidansa tara da zubewar mutunci.

Shaidar aiki ta fi takarda

A aikin gwamnati, takardar shaidar karatu ce ke buɗe ƙofa. A kamfanoni masu zaman kansu kuwa, tambayar farko ita ce a nuna abin da aka gina. Masu ɗaukar aiki kan duba dandalin GitHub, inda magina ke ajiye ayyukansu, kuma sukan ba mai nema jarrabawar aiki ta 'yan sa'o'i ko kwanaki. Hausawa sun ce gani ya kori ji.

Suna kuma auna halin mutum: cika alƙawari kan lokaci, da iya rubuta bayani a taƙaice da Ingilishi, da haƙurin sauraron abokin ciniki wanda bai san sunan abin da yake so ba. Riƙon amana na sama da duka, domin a hannun magini mabuɗan shafi da sirrin kasuwanci suke.

Ya kamata iyaye su san cewa kasuwar ba ta yi wa sabon shiga sauƙi. A watan Satumban 2019, kamfanin Andela, wanda aka kafa a 2014 don horar da matasan Afirka, ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400, yana mai cewa abokan huldarsa gogaggu suke nema. Fitowar ChatGPT a watan Nuwamban 2022 ta ƙara tsananta lamarin, domin manhajojin ƙirƙirarriyar basira na rubuta ƙananan ayyukan da a da ake bai wa masu koyo. Wanda ake nema yanzu shi ne mai iya amfani da su, ya kuma gane kuskurensu ya gyara. Kwas na wata uku mafari ne kawai.

Inda Kano ta Kudu ta tsaya

Wuraren koyo sun fi taruwa a birni: Jami'ar Bayero, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano, da reshen Digital Bridge Institute, da cibiyoyi irin su CITAD da Startup Kano. A shiyyar kudu akwai Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil. Ga matashin da ke Riruwai, hedikwatar Doguwa, zuwa ɗaya daga cikinsu na nufin ratsa dajin Falgore da neman masauki a wani gari.

Shirin 3MTT da Ministan Sadarwa Bosun Tijani ya ƙaddamar a ƙarshen 2023 tare da hukumar NITDA ya zo da burin horar da mutum miliyan uku, inda rukunin farko ya ƙunshi 30,000, na biyu kuma 270,000. Ta intanet ake neman shiga, kuma ta nan ake yin kaso mai yawa na karatun. A nan ne gizo ke saƙar, domin mai koyo na buƙatar kwamfutar tafi-da-gidanka da wutar lantarki da sabis mai ƙarfi, abubuwan da suka fi wuyar samu a karkara.

Duk da haka yankin na da abin da zai ɗora sana'ar a kai. Ƙasa ce ta noma da kasuwannin hatsi, ga madatsar Tiga da aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako, ga reshen Makarantar Horar da Lauyoyi a Bagauda, ga ma'adinan Riruwai. Fatauci ma ba baƙo ba ne a nan, domin a Bebeji aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877. Ƙungiyoyin manoma da masu casar shinkafa da makarantu masu zaman kansu duk suna da lissafi da rajistar da har yau a littafi ake yin su. Ɗan yankin da ya san ma'aunin tiya da buhu, ya san lokacin kaka da na bazara, ya kuma iya tsara shafi da Hausa mai ɗauke da haruffan ɓ da ɗ da ƙ daidai, yana da abin da maginin Legas ba shi da shi. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ma ya ƙara hujjar a ce kowace ƙaramar hukuma ta mallaki shafin da za ta riƙa bayyana kasafinta da ayyukanta.

Kafin a ba da kwangila

Ɗan kasuwa ko jami'in da zai ɗauki magini ya kamata ya nemi ganin shafuka biyu ko uku da ya gina, ya buɗe su da wayarsa, ya kuma tuntuɓi masu su. Ya tabbatar an yi rajistar adireshin shafin da sunansa ko na ma'aikatarsa, ba da sunan maginin ba, domin idan aka ɓata, wanda sunansa ke kan rajista shi ke da shafin. Adireshin da ke ƙarewa da .ng ƙungiyar NiRA ce ke kula da shi, hukumomin gwamnati kuma .gov.ng aka tanadar musu.

A rubuta yarjejeniya da ta fayyace kuɗin gini, da na sabunta adireshi da masaukin shafi duk shekara, da wanda zai riƙa gyara idan an sami matsala. A biya kuɗin kashi-kashi gwargwadon ci gaban aiki, kuma kada a biya kason ƙarshe sai an karɓi dukkan kalmomin sirri a hannu.