Rabon Talaka a Shari'ar Yahudawa

A shari'ar Yahudawa, abin da talaka yake samu daga mai hali haƙƙinsa ne, kuma hana shi zalunci ne. Ƙa'idar ta faro daga gona. Attaura ta hana manomi girbe gonarsa har bakin iyaka. Dole ya bar kusurwa, zangarniyar da ta faɗi lokacin girbi ba zai koma ya tsince ta ba, damin da ya manta kuma ya fita daga hannunsa. Duka wannan na matalauci ne, da maraya, da matar da mijinta ya rasu, da baƙo. Mishna, kundin fiƙihun da malamansu suka harhaɗa wajen shekara ta 200 miladiyya, ta ce kada kusurwar ta gaza kashi 1 cikin 60.

Manomin gero a Gidan Amumune, a yankin Mayahi, ba zai ji abin ya yi masa baƙo ba. Ya san fitar da dami ɗaya cikin goma na zakka, ya san mata da yara masu bin gona suna kala bayan an kwashe amfani. Bambancin shi ne a wancan tsari mai gona ba shi da ikon zaɓar wanda zai ba. Mabuƙaci ne ke shiga ya ɗiba da hannunsa, ba roƙo, ba godiya ta dole. Dalilin da Attaura take maimaitawa shi ne Bani Isra'ila sun yi bauta a Masar, don haka sun san zafin baƙunta.

Batun bashi ya fi wuya. Doka ta ce a yafe basussuka duk shekara ta bakwai, sai masu kuɗi suka riƙa ƙin ba da rance idan shekarar ta gabato, talakan da aka so karewa ya rasa mai ranta masa. Malam Hillel, wanda ya rayu kusan zamanin Annabi Isa, ya fito da takardar da ke miƙa bashin ga kotu domin rance ya ci gaba. Dabara ce da ta sassauta nassi, amma ta duba halin da mutane ke ciki.

Malamin Yahudawa Musa bin Maimun, haifaffen Kurɗuba da ya rasu a Masar a 1204, ya kasa taimako matakai takwas. Mafi girma a wajensa shi ne a ba mutum jari, ko rance, ko aiki, har ya daina buƙatar kowa. Na biye shi ne kyautar da mai bayarwa da mai karɓa ba su san juna ba. Talmud kuma, wato sharhin Mishna, ta umarci a ciyar da matalautan da ba Yahudawa ba tare da nasu, domin zaman lafiya.

A ƙarni na 20 wasu sun kai wannan koyarwa fagen gwagwarmaya. Rabbi Abraham Joshua Heschel, wanda 'yan Nazi suka hallaka danginsa, ya yi tattaki tare da Martin Luther King a Selma a 1965 domin baƙar fatan Amurka su sami 'yancin zaɓe. A 1988 aka kafa ƙungiyar Rabbis for Human Rights a Isra'ila, wadda membobinta ke raka manoman Falasɗinawa gonakin zaitun a Yammacin Kogin Jodan domin kare su daga farmakin 'yan kama-wuri-zauna. Masu farmakin su ma suna kafa hujja da Attaura, kuma har yau malaman Yahudawa ba su daidaita ba kan iyakar wanda haƙƙin baƙo ya shafa.