Mai Shanyewar Ɓarin Jiki: Kada A Bar Shi Kwance

'Yan'uwa manoma, cikin yawon da nake yi ƙauye ƙauye ina duba gonaki, nakan tarar da mutum kwance a ɗaki, ɓarin jikinsa ya shanye. In na tambaya sai a ce, "Iska ce ta buge shi." An dawo da shi daga asibiti, an shimfiɗa masa tabarma, shi ke nan. Wannan kwanciya takan yi masa lahani ƙwarai.

Ga abin da ke faruwa. Jijiyar jini ce ta toshe ko ta fashe cikin ƙwaƙwalwa, kuma hawan jini ne babban sanadi. Idan baki ya karkace, ko hannu ya mutu, ko magana ta sarƙe farat ɗaya, a kai mutum asibiti nan da nan, kada a jira gari ya waye.

Amma bayan an sallame shi, sauran aikin na gida ne. Tun bayan taron Alma-Ata na 1978, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙarfafa a koya wa iyali da mutanen gari yadda za su taimaki irin waɗannan marasa lafiya a inda suke zaune. Yawancin sauƙin da ake samu yakan zo cikin wata 3 zuwa 6 na farko, saboda haka kada a yi sanyi.

1. Idan ba ya iya juyawa, a juya shi kowace awa 2, don kada kwanciya ta fasa masa gyambo.
2. Kullum a miƙe masa hannu da ƙafa da yatsu, a lanƙwasa a hankali, don kada gaɓoɓi su sandare. Kada a ja shi ta hannun da ya shanye, gama kafaɗar na iya gocewa.
3. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci. Idan yana ƙwarewa, a gaya wa ma'aikacin lafiya.
4. A kafa sanduna biyu a tsakar gida, tsayin ƙugunsa, ya dafa ya koyi tsayuwa, sa'an nan takawa.
5. A bar shi ya yi abin da zai iya: cin tuwo, sa riga, ɓarar gyaɗa. Tausayin da ke yi masa kome yana hana shi warkewa.
6. A yi ta hira da shi. Sau da yawa yana ganewa, amsawa ce ke ba shi wuya.
7. Ya ci gaba da shan maganin hawan jini yadda likita ya faɗa. A rage gishiri da dunƙulen miya.

Ina aikin ƙungiyarmu? Mace ɗaya ba za ta iya jinya da noma da dafuwa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Sai mu yi gayya mu nome gonarsa, matasa su kafa masa sandunan, zumuntar mata su raba kwanakin taya jinya, a ware kuɗin mota daga asusu don komawa asibiti. Ranar taro kuma a kawo shi ya zauna tare da mu. Ƙafarsa ce ta shanye, amma sanin gonarsa yana nan, muna kuwa bukatar shawararsa.

A taronku na gaba, ku tambayi juna: wa ke kwance a ƙauyenmu, wa zai fara zuwa wurinsa gobe?