Yadda Ake Gane Lalacewar Turbo a Tsohuwar Mota

Turbo na'ura ce da hayaƙin salansa ke juyawa, ita kuma ta cusa ƙarin iska cikin inji don ya ƙara ƙarfi. Farfelarta kan yi juyi fiye da 100,000 a minti ɗaya, shi ya sa gurɓataccen baƙin mai ko toshewar bututunsa ke saurin kashe ta. Ƙurar da ta tsallake matatar iska ma tana cinye fukafukan farfelar.

In turbo ta fara lalacewa, mota kan kasa hawan tudu, ta riƙa fitar da shuɗin hayaƙi, a ji ƙara kamar jiniya. Sai dai ƙwararren bakanike kan fara duba tiyon da ke kai iska cikin inji, domin tsagewarsa kaɗai na rage ƙarfin mota. Daga nan ya cire bututun iska, ya kama sandar farfelar da yatsu ya jijjiga. Ɗan motsi gefe da gefe ba laifi ba ne, amma in tana shiga tana fita, ko tana gogar bango, ta gama aiki.

Wajen gyara, akan sauya cikin turbon ko ita gaba ɗaya, tare da baƙin mai, matatarsa da bututun man. Kafin a tayar da inji, sai an ɗura mata baƙin mai.