Shin halayyar birrai za ta iya bayyana dalilin yaƙi?

A shekarar 1974 ne masu bincike ƙarƙashin jagorancin Jane Goodall suka fara ganin wani abin mamaki a gandun dajin Gombe na ƙasar Tanzaniya.

Wani garke na manyan birran da ake kira cimfanzi ya rabu gida biyu, kuma cikin shekaru huɗu ɓangare ɗaya ya hallaka mazan ɗaya ɓangaren.

Kasancewar ƙwayoyin gado na cimfanzi sun yi kama da na ɗan Adam da fiye da kashi 98 cikin ɗari, wasu masana sun ɗauki lamarin a matsayin shaidar cewa yaƙi a jinin mutum yake.

Wannan ra'ayi ya samu gindin zama a littafin Demonic Males na Richard Wrangham da Dale Peterson, wanda ya fito a 1996.

Sai dai masana falsafa da dama na ganin akwai gyara a wannan fahimta.

Wane biri za a zaɓa?

Suka ta farko ita ce, amsar da mai bincike zai samu ta danganta ne da dabbar da ya zaɓa.

A kudancin kogin Kwango akwai wasu birrai da ake kira bonobo, waɗanda kusancinsu da ɗan Adam daidai yake da na cimfanzi.

Amma su mata ne ke da rinjaye a cikinsu, kuma ba a san su da kai wa maƙwabta hare-haren kisa ba.

Masu sukar suka ce ke nan mai neman hujjar yaƙi zai duba cimfanzi, mai neman hujjar zaman lafiya kuma ya duba bonobo, kowa ya ga abin da ya zo nema.

Tsakanin abin da ke faruwa da abin da ya kamata

Suka ta biyu ta samo asali ne daga David Hume, masanin falsafa ɗan Sukotland a ƙarni na 18.

Hume ya nuna cewa sanin yadda abu yake bai isa ya nuna yadda ya kamata ya kasance ba.

Ko da an tabbatar mutum ya gaji fushi, wannan bai halatta masa kisa ba.

Hatta Thomas Huxley, babban mai kare ka'idar juyin halitta ta Charles Darwin, ya ce a wata lacca a 1893 kyawawan ɗabi'u na samuwa ne ta hanyar yaƙar dokar daji, ba kwaikwayonta ba.

Tun kafin su, Imam Al-Ghazali, wanda ya rasu a 1111, ya kamanta fushi da kare, sha'awa kuma da alade, ya ce aikin hankali ne ya yi musu linzami.

Ita kuwa Mary Midgley ta Ingila, a littafinta Beast and Man na 1978, ta amince cewa mutum na da ɗabi'un da aka haife shi da su.

Amma ta ce kuskure ne a ɗauki ɗabi'a guda, kamar mugunta, a ce ita ce mutum gaba ɗayansa, alhali tausayi da renon 'ya'ya ma gado ne.

Muhawarar ba ta tsaya a jami'o'i ba.

A 1986 wasu masana kimiyya sun fitar da sanarwa a birnin Sabiya na Sifaniya, inda suka ce babu hujjar kimiyya da ke nuna an gaji yaƙi daga dabbobi, kuma hukumar UNESCO ta amince da ita a 1989.

Wasu masanan sun ce sanarwar ta fi kama da siyasa.

Duk da haka tambayar da ta tayar na nan daram: idan yaƙi gado ne, wa za a kama da laifi?

Ba a gurfanar da biri a gaban kotu, amma ana gurfanar da mutum, saboda an yi imani yana da ikon cewa a'a.