Shirin Musamman: Yadda Masara Ta Cinye Tallafin Shara a Jamus

Yau shirin zai kai mu ƙasar Jamus, inda a watan Afrilun 2000 wata doka ta fara aiki. Dokar ta ce duk wanda ya samar da lantarki daga rana, iska ko ruɓaɓɓun abubuwa, wajibi ne kamfanin wuta ya saya, a kan farashin da aka yanka, har tsawon shekara 20. Gwamnati ba ta raba wa kowa inji ba. Alkawari ta ɗauka cewa duk wutar da ta shiga waya za a biya kuɗinta. Da wannan alkawari manomi ke zuwa banki ya ci bashi, ya gina ƙaton tanki rufaffe, ya zuba kashin shanu ya ruɓe ba tare da iska ta shiga ba. Gas ɗin da ya taso shi ke juya janareta, abin da ya rage kuma ya koma gona a matsayin taki. A wancan lokaci irin waɗannan tashoshi ba su wuce dubu ɗaya da 'yan kai ba, yau sun haura 9,000.

To amma abin da aka sa wa kuɗi, shi jama'a ke kawowa. A 2004 an gyara dokar, aka ƙara lada ga mai amfani da tsiron da aka noma musamman domin gas. Masara ta fi kashin shanu ba da gas nesa ba kusa ba, don haka manoma suka juya gare ta. Gonaki suka cika da masarar da ba mutum ba dabba zai ci, kuɗin hayar ƙasa ya tashi, masu kiwon shanun madara suka fara kokawa. Tallafin da ake fatan zai rage shara sai ga shi yana gogayya da abinci. Sai a 2012 aka ƙayyade cewa masara da hatsi kada su wuce kashi 60 cikin ɗari na abin da sabuwar tasha ke zubawa, aka kuma ware farashi mai tsoka ga ƙananan tashoshin da kashi 80 na kayansu kashin dabbobi ne. A 2014 aka soke ladan gaba ɗaya ga sababbin tashoshi. Shekara goma ke nan kafin a gyara kuskuren sakin layi guda, kuma waɗanda suka riga suka shiga sun ci gaba da karɓa, domin alkawari kaya ne.

Wani zai ce ai wannan hujja ce ta barin tallafi ɗungurungum, musamman da yake masu biyan kuɗin wuta ne suka ɗauki nauyin, ta wani ƙari da ya kusan kai santi 7 kan kowane kilowat-awa a 2017, kafin a cire shi a 2022. Nauyin gaskiya ne, kuma gidan talaka ya fi jin sa. Sai dai lantarkin da ake samu daga makamashi mai sabuntuwa ya tashi daga kusan kashi 6 cikin ɗari na wutar ƙasar a 2000 zuwa fiye da rabi a 2023, kuma tun daga 2005 Jamus ta hana binne sharar gari ba tare da an sarrafa ta ba. Hanin ya tilasta wa shara neman mafita, farashin ya sama mata mai saye. Inda aka yi tuntuɓe shi ne inda aka biya abin da ba shara ba.

A Najeriya, dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Jihar da za ta yanka farashi irin wannan tana da mayanka da kara, inda tumbi da kashi ke taruwa kullum safiya, kuma ya kamata ta rubuta sunan waɗannan a dokar, ta cire hatsi tun daga ranar farko. Manomin da ke tsoron a raba shi da takinsa kuwa, ruwan da ke fitowa daga tankin shi ma taki ne, kuma shuka ta fi saurin shan sa a kan ɗanyen kashi.