Tasirin Romantisizim a Kan Tattara Adabin Baka: Misali Daga Ƙasar Gumel

Romantisizim suna ne na wata mazhaba ta tunani da adabi wadda ta taso a Turai wajen ƙarshen ƙarni na 18. Kada mai karatu ya rikita ta da littattafan soyayya na Kano, kamancin suna ne kurum a bakin Turawa. Masu wannan ra'ayi sun fifita shauƙin zuciya a kan tsabar lissafin hankali, sun fifita ƙauye a kan birni. Bajamushen nan Herder, wanda ya buga tarin waƙoƙin gargajiya a 1778 da 1779, ya koyar da cewa ruhin kowace al'umma yana cikin harshenta da waƙoƙin talakawanta. A kan wannan turba Jacob Grimm da ƙanensa Wilhelm suka fitar da littafinsu na tatsuniyoyi a 1812.

Amma fa bincike ya nuna ba daga bakin manoma suka samo yawancinsu ba. Mata masu ilmi na birnin Kassel ne suka ba su da yawa, waɗansu ma jikokin Faransawa ne, sa'an nan Wilhelm ya yi ta gyaran lafazin har bugu na bakwai a 1857.

Haka al'amarin ya kasance a wurinmu. Litafi na Tatsuniyoyi na Hausa, wanda Frank Edgar ya buga juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, malamai ne suka rubuta masa shi da ajami. Na Rattray kuwa, na 1913, Malam Shaihu ya rubuta shi a ƙasar da a ke kira Gana yanzu. Watau abin da mu ke ɗauka muryar tsohuwa ce a tsakar gida, ta hannun almajirin ilmi ya biyo, namiji kuma.

Duk da haka ra'ayin bai mutu ba. Har yau ɗalibi mai neman digirin dokta ya kan rubuta cewa zai tafi karkara neman "tsantsar Hausa" kafin zamani ya haɗiye ta. Wannan magana ta Herder ce, ko da ɗalibin bai taɓa jin sunansa ba. Alherinta a fili ya ke, don ba dominta ba da tatsuniyoyi masu yawa sun bi masu su kushewa. Illarta ita ce ta kan sa mai bincike ya zubar da duk abin da ya ga kamar gauraye ne.

To, a ƙasar Gumel me zai rage masa? Mangawa, dangin Barebari, su suka kafa sarautar wajen 1750. Ta yi biyayya ga Barno, ba ta shiga ƙarƙashin tutar Sakkwato ba. Mazauninta na dā, Tumbi, yana cikin Nijar yanzu. Sa'ad da Barth ya ratsa Gumel a 1851 ya same ta garin kan iyaka ne na daular Barno, mai cike da fatake. A kasuwar dabbobi ta Maigatari, ranar Alhamis, a kan ji Hausar Damagaram da ta Kano, da Fillanci, da Barbarci, da kalmomin Faransanci da suka ƙetaro iyaka, duk a rumfa guda. Wanda ya tace wannan don ya fitar da "asali", lalle maganar da ba mai yin ta zai rubuta.

A ganina, malamin da zai aiki ɗalibansa daga Kwalejin Ilmi ta Gumel zuwa ƙauyukan Gagarawa ko Sule Tankarkar, ya umarce su su rubuta wanda ya faɗi tatsuniyar, da shekarunsa, da harshen da iyayensa su ke yi a gida, da inda shi ma ya ji ta, ko da a rediyo ne. Kalmar aro kuwa a bar ta inda mai magana ya ajiye ta, kada a musanya ta da wadda ta ke cikin ƙamusun Bargery na 1934.